Katin Sallar Inna

A makon jiya malaminmu na darasin ƙa'idojin rubutun Hausa ya maido mana da takardun jinga, ya kuma yi mana faɗa mai zafi a kan yadda yawancinmu muka zubar da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, muna fakewa da cewa wai kwamfutar mai shago ce ba ta da su. Ina zaune can baya ina sauraro, sai tunanina ya lula Agege, ƙarshen shekarar 1999, gindin wata rumfar kwano da ke kallon layin dogo. A nan ne na fara sanin darajar ƙugiya, kuma ba a bakin malamin Hausa ba, a bakin wani tsoho Bayarabe mai sassaƙa hatimi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin, ko da yake akwai abin kunya a cikinsa.

A Agege aka haife ni. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi, kamar dubban Hausawan da suka biyo hanyar jirgin ƙasa bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Mahaifina ya gaji sana'ar, mu kuma muka tashi da harsuna uku a baki: Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turancin buroka a makaranta. In muka je ganin gida wani ƙauye kusa da Bebeji, yara su yi ta kwaikwayon maganarmu suna ce mana 'yan Ikko. In muka dawo kuwa, mu ne "aboki". To, haka dai muka girma, jemage ba ka ga tsuntsu ba ka ga dabba.

A watan Nuwamban 1999 aka yi rikicin kasuwar Ketu tsakanin Yarabawa da Hausawa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wutar ba ta iso ƙofar gidanmu ba, amma hayaƙinta ya iso. Kwana da kwanaki maza ba sa barci, ana zaune a ƙofar gida ana sauraron motsi. A ƙarshe mahaifina ya yanke shawara: Inna da ƙanwata su bi motar goro su tafi gida har ƙura ta lafa, ni kuma in zauna saboda makaranta. Shekaruna goma sha huɗu a lokacin. Bayan tafiyarsu da 'yan kwanaki azumi ya kama. Wanda bai taɓa yin sahur da burodin Agege da ruwan shayin mai tebur wata guda cur ba, a gidan da aka saba jin ƙarar turmi tun la'asar, ba zai gane abin da nake nufi ba.

A nan dole in yi wa mai karatu wani bayani. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan", ko "yaron nan", iyakarta ke nan. Ba ta hira da ni, ba ta yabona a gaban mutane, in ma ta ajiye mini tsoka sai ta aiko ƙanwata ta kawo kamar ba daga gare ta ba. Ranar da za su tafi, har motar ta ɗaga ba ta dube ni ba. Ban ji haushi ba, domin na san al'ada ce. Sai dai al'adar da ta ɗaure bakinta ta ɗaure nawa. Ina da maganar da nake son gaya mata, amma babu ƙofar da zan bi. Wayar salula kuwa ba ta zo ba sai 2001, balle a ce mutum ya laɓe bayan saƙon tes.

Abin da ake yayi a lokacin shi ne katin Barka da Sallah. Da azumi ya raba tsakiya za ka ga an baje su a bakin titi wajen Pen Cinema, masu ƙyalƙyali, da hotunan masallatan ƙasashen da ba mu sani ba, an rubuta gaisuwa da Turanci ko Larabci. Al'adar ba tamu ba ce tun asali. An ce a London wani Bature mai suna Henry Cole ya fara sa aka buga katin Kirsimeti na sayarwa a 1843, daga nan abin ya bazu har ya shigo Sallarmu. Na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga wancan na ajiye. Inna ba ta karanta boko, ajami take karantawa. Na Hausa guda ɗaya da na samu, wanda aka buga a Shomolu, unguwar maɗaba'u, cewa ya yi "Allah ya kara zumunci, ya kawo baki masu albarka". Ko a lokacin na san da bambanci tsakanin baƙin da ake shimfiɗa wa tabarma da bakin da ake cin tuwo da shi.

Baba Mai Hatimi, kamar yadda kowa ke kiransa, rumfarsa na kan hanyata ta makaranta. Kayan aikinsa ba su cika jakar leda ba: fallayen roba, guntayen katako, gam, fensir, gilashin ido mai ƙafa ɗaya, da wasu 'yan wuƙaƙe da ya wasa daga karyayyen zarto. Da su yake sassaƙa wa shaguna da makarantu da ƙungiyoyin adashi hatimi. Na hukuma kuwa ba ya taɓawa sai ka zo da takarda, domin ya ce ya tsufa da kwana a caji ofis. Hausa yake ji kamar jakin Kano. Tun bayan rikicin yaran unguwarmu suka daina tsayawa wurinsa, ni ma sai da na yi kwana uku ina wucewa kafin na yi ƙarfin hali na yi sallama.

"Malam ƙarami, ina ka shiga? Na ɗauka kai ma ka gudu."

Na nuna masa katin Shomolu na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ciwonmu ɗaya da ku. Mu ɗigo muke sawa a ƙarƙashin harafi. Oko gona ce, ọkọ kuwa miji ne. Mai injin ya zubar da ɗigo biyu, sai mace ta wayi gari tana auren gona." Daga nan ya ce ba zai sassaƙa mini ba, tun da ba ni da kuɗin aikinsa, amma in na kawo tsohon silifa zai koya mini.

Ga yadda abin yake, ga wanda ke sha'awa. A samu silifa, a yanke wajen dunduniya inda bai cinye ba, a goge shi a kan siminti har ya yi sumul. A rubuta abin da ake so a takarda da fensir mai laushi, a danna sosai, sa'an nan a kifa takardar a kan robar a murza bayanta da cokali. Rubutun zai hau robar a juye, kamar yadda ake ganinsa a madubi, kuma haka ake so, domin in an buga zai miƙe. Sai a ɗauki reza a bi gefen kowane harafi ana cire naman da ba a so. Sirrin, in ji Baba, shi ne a karkata rezar waje, yadda gindin harafi zai fi samansa faɗi kamar tudu. In ka yanka a miƙe, ko ka shiga ƙarƙashinsa, bugu goma harafin zai ɓalle.

Ni da gaggawa, ranar farko na ce ba sai na bi ta takarda ba, na zana "ɗan'uwanki" kai tsaye a kan roba don ɓangaren ƙanwata. Da na buga, kalmar ta fito daga dama zuwa hagu, ɗ kuwa ta zama wata halitta mai cikin b da ƙugiya tana kallon baya, ita ba ɓ ba ita ba ɗ ba. Baba ya ɗaga ya duba ya ce, "Wannan harafin na aljanu ne." Silifa uku na lalata, yatsana na hagu har yau da tabo. Abin mamaki shi ne ajamin ya fi yi mini sauƙi a reza, saboda baƙaƙensa a haɗe suke, suna riƙe juna. Matsalarsa ɗige-ɗige. Kowane ɗigo tsibiri ne shi kaɗai a tsakiyar roba, hannu ya ɗan girgiza ya tafi.

Tawada kuwa ban saya ba. Ta allo na ɗebo, mai ƙaro, na ƙara mata kauri, na zuba a kan tsumman da na ninka cikin murfin gwangwani. Shuɗi na samu daga bular wanki. Na sassaƙa ƙaramin dagi na bi gefen katin da shi, ina kwaikwayon zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Yanzu da nake karatu na fahimci cewa hatimi ba baƙo ba ne a wurinmu: wasiƙun sarakunan daular Sakkwato da na Barno da shi ake shaida su. Amma a lokacin ni dai silifa nake yanka.

Naɗin katin shi ma Baba ne ya nuna mini, ya ce a wajen wani mai buga katin biki ya gani. Ka ninka kwali biyu. A kan ƙaryar, wato inda ya ninku, ka yi yanka biyu a jere masu tsawo ɗaya. Ka buɗe, ka tura abin da ke tsakaninsu ciki, sai ya zama 'yar matakala. Duk abin da ka manna a gabanta, in an buɗe kati zai miƙe tsaye, in an rufe ya kwanta. Sai dai a yi lissafi: tsawon hoton da zurfin matakalar in an haɗa kada su wuce rabin katin, in ba haka ba kansa zai leƙo waje. Ni hoton gidanmu na zana na manna, da tankin ruwa da igiyar shanya. A jikin gidan na yanka ƙofar ɗakin Inna ta gefe uku, na bar gefe ɗaya ya zama maratayi, na yi mata ɗan harshe da ake sokewa a tsaga don ta zauna a rufe.

A fili, inda kowa zai gani, na buga "Barka da Sallah" da boko da ajami. A bayan ƙofar nan kuwa, wurin da bai fi kwalin ashana ba, na manna takarda na buga kalmomi biyu da ajami: ina kewarki. Da gangan na sassaƙa su maimakon in rubuta da alƙalami. A wautata, gani nake in hatimi ne ya faɗa, ba ni na faɗa ba. In ta ga dama ta buɗe, in ba ta ga dama ba ƙofa ce kawai a jikin hoto, babu wanda ya ji kunya.

Daren da zan kai wa direba, mahaifina ya gan ni ina sa shi a ambulan. Ya karɓa, ya buɗe, gidan ya miƙe a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Na ga babban yatsansa ya je kan ƙofar ya tsaya, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku, amma bai buɗe ba. Sai ya ce, "Ba ka yi masa aljihu ba?" Nan take na ninka wata takarda na manna a baya. Ya zaro sabuwar naira ɗari, wadda aka fito da ita a watan nan na Disamba mai hoton Awolowo, guda biyu, ya zura. Bai ƙara cewa komai ba. Da asuba motar goro mai zuwa kasuwar Mariri a Kano ta tafi da shi.

Aka yi Sallah a farkon Janairun 2000. Na kai wa Baba Mai Hatimi abincin da maƙwabta suka aiko mana, muka ci tare a rumfarsa, mutanen unguwa na wucewa suna kallo. Ya tambaye ni ko an samu amsa, na ce tukuna.

Sai bayan mako biyu direban ya dawo. Ya sauke mana ƙullin daddawa da kuka da wasiƙar ƙanwata, shafi biyu, duk labarin yadda yaran ƙauye suka yi layi suna buɗe katin suna rufewa har sai da Inna ta ƙwace ta kulle a adaka. Babu maganar ƙofa a ciki. Na ninke wasiƙar na ce shi ke nan, ba ta gani ba, kuma wallahi har wani sanyi na ji. Direban ya riga ya juya zai tafi sai ya dawo yana sosa ƙeya.

"Af, na manta. Innarka ta ba ni saƙo, ni dai ban gane kansa ba. Ta ce a gaya wa yaron nan, kewa da ɗigo ake rubuta ta."

Na ruga ɗaki na ɗauko hatimin na ɗaga shi a hasken taga. Ɗigon imala, wanda ake sawa ƙarƙashin baƙi ya ba da wasalin e, babu shi. Sai ɗan farin gurbi a ƙarƙashin kaf, inda reza ta share shi ban lura ba.

Sun dawo bayan Babbar Sallah. Da na je tarbarsu a tasha na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ta miƙo mini ƙullin kayanta ta ce, "Kai wannan, riƙe nan."