Safiyar da Baba ya zauna a ƙasa

Na daɗe ina tara mutane bayan sallar asuba a filin makarantar firamare nan Ɗantutture. Da farko samari ne zalla: masu shirin gudun ɗaukar soja ko ɗan sanda, da 'yan ƙwallo, da 'yan dambe biyu-uku masu neman ƙarin numfashi kafin kaka. Su suka laƙaba mini Koci. Daga baya dattawa suka fara ɓullowa, kowa da abin da likita ya faɗa masa a Dutsin-Ma ko Kurfi: jininka ya hau, sukarinka ya yi yawa, ka riƙa motsa jiki.

Da taro ya ƙaru sai na ga ya kamata in ƙaro ilimi. Na ci karo da wani talla a waya, kwas na mako shida da takardar shaida mai tambari. Buhun masara biyu na sayar na biya. Aka riƙa turo mana bidiyon mutane cikin ɗaki mai sanyi suna jan injunan da babu irinsu a nan kusa. Jarrabawar ma canki-canka ce. Har aka gama ba wanda ya ga yadda nake tsayar da mutum ko yadda nake gyara masa gwiwa. Takarda ta zo, na rataye a ɗaki.

Wata safiya cikin Afrilu, wani dattijo da ya haura sittin ya tsaya a zagaye na uku. Gumi na keto masa, hannu na rawa, magana ba ta fita daidai. Na ce, "Baba, ku daure, saura kaɗan." Sai ya zauna a ƙasa. Na kwara masa ruwa a ka, don ni zafi kaɗai na sani. Allah ya sa cikin masu zuwa akwai wani ma'aikacin lafiya. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kun sha maganin sukari yau? Kun karya?" Ashe ya sha magani, bai sa komai a ciki ba. Aka ruga wurin mai shayi aka jiƙo sukari babban cokali guda, ya sha, bayan kamar minti 15 ya dawo hayyacinsa. Ma'aikacin ya ja ni gefe ya ce, "Koci, da ya suma, ko ɗigon ruwa ba a sa masa a baki. Ka san wannan?" Ban sani ba. Daren nan barci bai ɗauke ni ba, ina ta tunanin abin da zan faɗa wa iyalinsa da abin ya zo da ƙarar kwana.

A nan na gane inda na yi kuskure. Na zaɓi karatu ina kallon takarda, ban kalli mutanen da ke tsaye gabana kullum ba. Rabinsu masu hawan jini ne da ciwon sukari da ciwon gwiwa, a ƙasa mai zafi, wani lokaci cikin azumi. Kwas ɗin da na saya bai san da zamansu ba.

Abin da na fara nema bayan nan shi ne horon taimakon gaggawa na ƙungiyar Red Cross a Katsina. Kwanaki kaɗan ne, kuɗinsa bai kai na wancan ba, amma can ne aka fara kama hannuna aka gyara. Aka sa mu danna ƙirjin mutum-mutumi: dannawa 30, hura numfashi 2, a gudun dannawa 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6. A bidiyo abin kamar wasa. Da na gwada, malamin ya ce gwiwar hannuna na lanƙwashewa, ya sa na sake har kafaɗa ta yi tsami. Duk mai ƙwallo ya san Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola. Christian Eriksen na Denmak shi ma ya faɗi a fili a 2021, amma aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma wasa. Mu da asibiti ke mana nisa mun fi kowa buƙatar wannan ilimi a hannu.

Yanzu in wani kwas ya zo mini, sai na tambayi wanda zai koyar da inda ya yi aiki, da kuma ko akwai ranar da zai tsaya a kaina ya ga ina yi. In amsar ta yi ta kewaye-kewaye, na haƙura. Hanyoyi na gaskiya suna nan. Mai son horar da 'yan wasa akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere, Legas. Mai ƙwallo akwai lasisin koci na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da ake hawa mataki-mataki ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF. Mai son zurfin sanin jiki akwai sashen ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Sai dai manomi ya duba lokaci: kwas da ya faɗo tsakiyar damina zai ci gona, ni sai an kai amfani gida nake tafiya.

Wani abu da ke damuna shi ne iyayenmu mata. Ciwon nan bai bar su ba, kuma ba za su zo filin maza ba. Shi ya sa na biya wa ƙanwata ta yi horon da na yi, tana tara su a tsakar gida.

Tsarina ma ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, don haka dattawa tafiyar sauri suke yi ta minti 30, kwana biyar, ba na haɗa su gudu da samari. Da azumi sai bayan asham. A jakata akwai na'urar awon jini, da ƙullin sukari, da littafin da nake rubuta maganin da kowa ke sha. Baba yana zuwa har yau. Kafin in buɗe baki yakan ɗaga hannu ya ce, "Koci, na sha koko."