Laraba a shagon mujallun jarumai na New York

A Amurka, Laraba ce ranar kasuwar masu karatun mujallun zane. A ranar ne kamfanonin Marvel da DC da sauransu suke fitar da sababbin labaran jarumansu, kuma akwai mutanen da sun shekara da shekaru ba su bari Laraba ta wuce su ba. Na taki sa'a, zuwana New York ya zo daidai da Larabar 9 ga Oktoban 2024, ranar da fitowar farko ta Absolute Batman ta shigo kasuwa.

Shagon Midtown Comics yana daf da dandalin Times Square, sai an hau matakala ake isa cikinsa. Bango guda an ware shi ga kayan makon kawai, an jera su fuska a waje, launuka kamar su yi magana. Kowace mujalla sirirya ce, galibi labarinta bai fi shafi ashirin da 'yan kai ba, kuɗinta dala huɗu zuwa biyar. Wanda ya saba zuwa yana da jerin abin da yake bi, ana ajiye masa kasonsa tun kafin ya iso. Na ga wani dattijo mai furfura ya karɓi nasa, ya zura kowace ɗaya cikin leda mai kwali a baya don kada ta lanƙwashe. Ba wasa yake ba. Fitowar farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, an sayar da kwafi ɗaya nata dala miliyan 6 a 2024.

Amma abin da ya riƙe ni a wurin shi ne gardama. Batman ya fito tun 1939, kowa ya san shi da dukiyar gado da katafaren gida. Sai marubuci Scott Snyder da mai zane Nick Dragotta suka tuɓe masa duk wannan a Absolute Batman. Sun mai da shi ɗan malamin makaranta, injiniya mai neman na kansa, ƙato mai ƙirar samudawa, har alamar jemagen da ke ƙirjinsa ma cire ta yake ta zama gatari. Kusa da ni wani saurayi ya ce an ɓata masa jarumi, wai Batman ba kuɗi ba Batman ba ne. Wata baiwar Allah da ke bayansa a layi ta ce ai yanzu ne ma za a ga ƙarfin zuciyarsa, tunda ba abin da zai dogara da shi sai kansa. Ta buɗe shafi ta nuna masa yadda mai zanen ya cika fili da faɗin kafaɗarsa, ta ce ya duba da kyau kafin ya yanke hukunci. Ba su san juna ba, amma sun tsaya suna musayar hujja har layi ya kai kansu.

Ni dai ina tare da ita. Na karanta mujallar a daren nan, zanen yana da nauyi, labarin kuma bai tsaya jan ƙafa ba.

A shagon na lura ba wanda yake cewa "ya yi daɗi" ya yi shiru. Suna rarrabe aikin marubuci da na mai zane da na mai launi, har da mai tsara haruffan magana, kowa a yaba masa ko a kushe shi da sunansa. Ga kuma haƙuri. Labarin yana yankewa a inda ya fi daɗi, sai bayan wata guda a samu ci gaba, kamar yadda masu karatun littattafanmu na Kano suka sha jiran kashi na biyu. Da wannan jiran ne Action Comics ta kai fitowa ta 1000 a 2018.

Mai karatu, in Allah Ya kai ka New York, ka daidaita tafiyarka da Laraba, ka hau matakalar nan ka tsaya a layi ka saurara.