Kowane Kaya da Adireshinsa

Ina yaro, akwatin gidan waya guda ya ishi unguwarmu duka, a hannun mai unguwa kowa ke karɓar wasiƙarsa. Yau kuwa a ɗakina kaɗai, waya da talabijin da kwamfuta duk suna neman adireshi a intanet. Tsarin IPv4 na 1981 ya tanadi adireshi wajen biliyan 4.3, amma babban rumbunsa ya ƙare a 2011. Magajinsa, watau IPv6, zai wadatar har firiji da agogo.

To, jama'a, ga abin da ke damuna. A da mai unguwa ya san duk baƙon da ya sauka. Yanzu kowane kaya zai zama ƙofar shiga gidana, ni kuwa ban ɗauki mai gadi ba.