Godiya ga Malam, bayan fitowar hoton M33

 Hoton ya fito, kuma ban yarda kowa ya gani ba sai na fara yi maka godiya.

Kaka biyu na yi ina fama da M33, gungun taurarin nan da Charles Messier ya sa a jerinsa a 1764. Abin da kyamarata take kamowa bai wuce fari-fari kamar an goge alli a allo ba. Da na kawo maka kukana, sai ka ɗauko taka kyamarar, wadda aka cire wa gilashin da ke tare jan haske, ka haɗa mini da matatar haske 'yar mitsitsiya kamar murfin kwalba. Ka ce ba abin da take bari ya wuce sai jan hasken haidirojin, mai zangon nanomita 656. Muna zaune a tabarma ka warware mini dalili: taurari sababbin haihuwa, masu tsananin zafi, su ke fizge ilektiron daga iskar da ke kewaye da su, idan ya koma mazauninsa sai iskar ta ba da wannan ja.

Kai ka ce in yi sauri, damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba, wata kuma ya kusa ɓuya. Kai ka nema mini izini a gonar amininka, domin a nan tauraron arewa bai fi digiri 12 a sama ba, darbejiyar gidanmu kuwa ta rufe shi, ga saitin na'urar da ke bin taurari ba ya yiwuwa sai da shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren farko. Na ɗauki hoto na minti biyar, na duba, ba komai sai duhu da ɗige-ɗige. Har na kai hannu zan goge, ka riƙe ni ka ce, "Bar shi, ɗana, tara su za ka yi." Hotuna 60 na tara a dare uku, na ɗora su bisa juna da manhajar Siril. Sai ga jajayen tabo sun jeru a hannayen gungun, babbansu NGC 604, wanda William Herschel ya gano a 1784. Faɗinsa ya kai shekarun haske 1,500, da taurari masu zafi fiye da 200 a cikinsa, haskensa kuma ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 3 kafin ya faɗo cikin matatarka. Wallahi Malam, na daɗe ina kallo ban iya cewa uffan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko zan maido da kayan, tare da hoton da na wanko maka babba.