Shekarar da Muka Je Wurin Kansila

Mijin yayata, wanda duk muke kira Alhaji, direban bas ne a wani gari da ke arewacin Ingila, kuma a gidansa na sauka lokacin da na zo ƙasar aikin kula da tsofaffi. Wajen azumin 2018 ya fara kukan ciwon ciki mai zagayawa har gadon baya. Aka ce olsa ce. Ya bar yaji, ya riƙa shan magani yana fita aikinsa. Da wando ya soma yi masa yawa, kowa ya ɗora wa azumi. Sai wata safiya Yaya ta ja ni kicin, ta rage murya ta ce, "Ke da kike aiki da marasa lafiya, dubi idon Alhaji da kyau." Farin idon ya koma ruwan ɗorawa.

Babu Bahaushen da bai san shawara ba, don haka ba ta tayar mana da hankali. 'Yan uwa daga gida har sun fara maganar aiko da sassaƙe. Amma likita na ganinsa ya tura shi asibiti, domin ƙa'idar ƙasar a lokacin, tun 2015, ita ce duk ɗan shekara 40 zuwa sama da ya zo da shawara, a gaggauta bincika ko sankarar fankiriyas ce, cikin mako biyu. Hoto ya nuna ita ce, kuma ta riga ta kama hanta.

A nan na fara sanin wannan tsoka da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da ruwan narkar da abinci da sinadarin insulin. Idan ƙari ya fito a kanta, sai ya toshe hanyar ruwan matsarmama, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi. Kafin nan yakan daɗe yana cin mutum a ɓoye. A Birtaniya ana samun kusan mutum 10,500 da ita kowace shekara, rabinsu ba sa wuce wata uku bayan an gano, waɗanda ke kai shekara biyar kuwa ba su cika bakwai cikin ɗari ba. Alhaji yana cikin rabin nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan Yaya ta fita takaba ne ta zo min da maganar. Mace ce mai kunya, ko a taron suna ba a jin muryarta. Ta ce ta ji ana kunna fitila shunayya a gine-gine cikin watan Nuwamba saboda wannan cuta, me ya hana garinmu? Na ce, "Yaya, wa zai saurare mu?" Ta ce, "Haraji muke biya, ai sa saurara."

Kansilar unguwarmu takan zauna a laburare ranar Asabar tana sauraron koke-koken jama'a, yawanci na shara da ramukan titi. Yaya ta ajiye mata hoton Alhaji cikin kayan aikinsa, ta faɗi abin da ke ranta da Turancinta mai tsayawa. Matar ta rubuta komai. Ita ce ta sanar da mu cewa tun 2013 aka mayar da aikin kare lafiyar al'umma hannun ƙananan hukumomi a Ingila, don haka suna da jami'ai da ɗan kasafi na wayar da kai.

Ranar Alhamis 21 ga Nuwamba 2019, wato ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, aka kunna fitilar a ginin majalisar gari. Mun je cikin sanyi mun tsaya, Yaya ta yi kukanta. Na ji daɗin karramawar har zuciya, sai dai na lura masu wucewa da yawa ba su san dalilin launin ba. Fitila ba ta gaya wa kowa ya duba idonsa.

Abin da ya fi amfani ya zo ne ba tare da biki ba. Hukumar ta liƙa alamomin cutar a tashoshin bas da laburare, ta ba mu ɗakin taro kyauta, ta kuma turo wata jami'ar lafiya masallacinmu bayan Juma'a. Liman ya gabatar da ita, ni na fassara wa mata. Ta yi maganar rama babu dalili, da ciwon sukari da ke faɗo wa dattijo kwatsam, da haɗarin taba. Ta ce tiyata ce kaɗai hanyar warkewa, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samunta, saboda yawanci an makara. Wani dattijo ya ce ai rai na hannun Allah. Liman ya ce, "Gaskiya ne, Baba, kuma shi ya saukar da magani, ya ce a nema."

Bayan 'yan watanni wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta buga wa Yaya waya da dare, idon mijinta ya sauya. Yaya ta ce kada su kuskura su jira sassaƙe. Washegari suna asibiti. Nasa tsakuwa ce a matsarmama, aka cire, yana nan da ransa. Matar ce yanzu ke bi gida-gida da takardun hukumar duk watan Nuwamba, Yaya kuma ta koma wurin kansila tana neman a buga su da Hausa da Larabci.