Tsohon Kan Jirgi Da Ya Yi Yawon Duniya

A ƙasar Ingila akwai wani tsohon kan jirgin ƙasa mai cin kwal, ana ce da shi Flying Scotsman. An ƙera shi a garin Doncaster cikin 1923, cikin 1934 kuwa ya yi gudun mil 100 a sa'a guda. Da aka sallame shi daga aiki cikin 1963, saura kaɗan a farfasa shi, sai wani attajiri, Alan Pegler, ya saye shi. Cikin 1969 ya ɗora shi a jirgin ruwa ya kai shi Amurka, aka yi ta zagayawa da shi gari gari, har dukiyar mutumin ta ƙare ƙaƙaf. Wani attajirin kuma, William McAlpine, ya fanso shi, ya komo da shi gida cikin 1973. Cikin 1988 aka kai shi Ostareliya, da shekara ta kewayo ya yi tafiyar mil 422 a can ba tsayawa. Tun 2004 yana hannun gidan ajiye kayan tarihin reluwe na birnin York.

Ran da na karanta wannan labari a ofis, sai na aje alƙalami na yi shiru, don kakana ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Shi lebura ne a tashar jirgin Kano. Kullum da asuba yakan tashi daga gidanmu a cikin birni, ya fita ta Ƙofar Mata, ya yini yana ɗaukar buhunan gyaɗa daga dala zuwa tarago. Bayan ya tsufa, in an yi sallar isha'i, sai ya zauna a zaure yana ba mu labarin kawunan jirgin zamaninsa: yadda suke shan ruwa kamar raƙuma, da yadda mai zuba kwal yake fitowa baƙi ƙirin. Ya san su ɗaya ɗaya, har da waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna.

To, waɗannan kawunan jirgi ba ƙaramin aiki suka yi mana ba. Hanyar dogo da aka faro daga Baro, a bakin Kwara, ta iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas. Kafin nan fatake da jakai da raƙuma ke jigilar kaya. Jirgin nan shi ya buɗe wa gyaɗarmu hanyar Ikko, cinikinta ya bunƙasa, har aka san irin su Alhassan Ɗantata a ko'ina. Daga baya masu shan mai suka zo, aka ture masu cin kwal gefe. Ɗan ƙaramin da ya fara aiki tsakanin Wushishi da Zungeru cikin 1901 shi ya yi sa'a, aka adana shi a Minna.

Da farko na so in ga laifin waɗanda suka bar sauran suka yi tsatsa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga ni akawu, aikina ke nan rubutu, amma ban taɓa rubuta ko layi guda daga bakin kakana ba. Yau ko sunan kan jirgi ɗaya cikin waɗanda ya ambata ban iya tunawa. Da na sani ƙeya ce.

Ku da Allah ya nufa kuka koyi karatu da rubutu da girmanku, ga shawarata. Ba mu da dukiyar sayen kan jirgi, amma muna da kuɗin fensir da littafi. In da sauran tsoho a unguwarku wanda ya yi aikin reluwe, ko dako, ko awon gyaɗa, ku je ku gaishe shi, ku zauna, ku rubuta abin da ya faɗa, da sunan wuri da shekara. Kada ku ce sai gobe. Allah ya sa mu dace, amin.