Mota Mai Ɗaki: Mu Riƙe Tsohuwa Ko Mu Sayi Sabuwa?

Uwargida, ki ɗauki ɗakin kwana, ki haɗa shi da kicin da ɗan makewayi, ki ɗora su bisa tayoyi huɗu. To, irin motar da Turawan Birtaniya ke fita hutu da ita ke nan, mu a gidanmu "mota mai ɗaki" muke ce mata. Tamu ƙirar Fiat Ducato ce ta 2008 mai shan dizal, tsawonta mita 6, kuma ta hannu muka saya. Ni na fi kowa morarta. A cikinta nake girka abin da na san halal ne, in yi alwala a natse, in ja labule in cire hijabina, abin da zaman otal bai cika ba mace dama ba.

Rigimar ta faro ne a watan Oktoba na 2024, da Abban Hafsa ya kwashe mu zuwa baje kolin irin waɗannan motoci da ake yi duk shekara a zauren NEC, kusa da garinmu Bamingham. Nan ya yi arba da wata sabuwa fil mai tsawon mita 7 da rabi. Gado na saukowa daga rufi in an danna maɓalli, fitila da ɗumama ɗaki daga waya ake sarrafa su, ga kyamara ta baya, ga wurin wanka daban da bayi. Kuɗinta ya haura fam 70,000. Tun a hanyar gida ya fara, "Maman Hafsa, kin ga yadda ake rayuwa kuwa?"

Gaskiya yana da hujja. Tun Yunin 2021, tsohuwar motar dizal irin tamu fam 8 take biya duk ranar da ta shiga tsakiyar Bamingham, saboda hayaƙi. A Gilasgo kuwa tun Yunin 2023 tara ake cin mai ita. Abin da ya fi damuna ni shi ne Hafsa ta shekara 16, ƙannenta maza biyu sun tasa, labule ɗaya ne tsakanin shimfiɗarta da tasu. Ban ce a'a ba. Na ce, "Abban Hafsa, mu bari mu je Sikotilan da bazara tukuna, in mun dawo sai a yanke."

A watan Agusta na 2025 muka ɗauki hanyar da ake kira North Coast 500. An ƙaddamar da ita a 2015, mil 516 ce, tana tashi daga Inverness ta zagaye gaɓar arewacin ƙasar ta dawo inda ta fara. Tafkuna da duwatsu da tumaki, sai ki yi tafiyar rabin awa ba ki ga gida ba. Magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe 9 na dare. Da yawan titin faɗin mota ɗaya ne, an yi masa 'yan aljihuna a gefe inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. In kuka haɗu a tsakani, dole wani ya koma da baya.

Inda ba zan manta ba shi ne Bealach na Bà, hanyar da ke haura dutse zuwa ƙauyen Applecross. Ma'anar sunan a harshen mutanen wurin mashigar shanu, burtali ke nan, don ta nan makiyaya ke kora shanunsu kasuwa a da. Tana tashi daga bakin teku ta kai tsayin mita 626, da kwanoni masu kama da ƙugiya, kuma tun daga gindinta akwai allo da ke gargaɗin manyan motoci da masu koyon tuƙi. Sau biyu muka koma da baya, rami a gefena, Sadiƙ ya sauka yana yi wa babansa nuni da hannu, ni kuwa ba addu'ar da ban karanta ba. Da muka isa sama muka hango duwatsun tsibirin Skye, ba wanda ya yi magana. Can Abban Hafsa ya share zufa ya ce, "Da da waccan muka zo, sai dai mu zagaya ta Shieldaig."

A sansanin da muka kwana, maƙwabtanmu wani dattijo ne da matarsa, da sabuwar mota irin wadda ake min kwaɗayi. Gadonsu ya sauko rabi ya tsaya cak, allon sarrafawa ya ƙi amsawa, mai gyara kuma sai Inverness, kusan mil 80. A kan kujeru suka kwana. Mu ma famfon ruwanmu ya tsaya a daren, amma fis ne ya ƙone, Abban Hafsa ya canza shi cikin minti 10, kafin nan kuma buta da jarka sun wadatar. Kada ki ɗauka tamu ba ta da aibu. Ruwan sama ya yi ta ɗiga ta gefen taga, sanyin asuba ya shiga ƙashi, ga wasu ƙananan ƙwari masu cizo da suka fi sauro naci, suna kutsowa ta ragar da ta yage.

A daren nan na ɗauko takardar tallar sabuwar motar da biro. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairun 1997, lasisinsa na ƙaramar mota bai yarje masa tuƙa motar dizal da ta wuce kilo 3,500 da kayanta ba, sai ya sake wata jarrabawar. Kowace na'ura da aka ƙara kuwa nauyi ce. Abin da takardar ta bar mana na kaya kilo 340 ne, bayan an cire direba. Ni da yara uku mun cinye 230. Tankin ruwa mai lita 100, in an cika shi, kilo 100 ne. Na ce, "Abban Hafsa, ina zan sa tukwanena da buhun shinkafa?" Yara suka fashe da dariya, shi ma ya murmusa.

Maganar kuɗi ba a yi ta da dariya ba. Mai tallar ya ce a biya a hankali cikin shekara 10, amma da kuɗin ruwa, mu kuwa ba ma taɓa riba. Biya lakadan yana nufin kwashe ajiyar da muke tarawa don Hafsa, ga kuɗin jami'a a Ingila ya kai fam 9,535 a shekara a 2025, bashin ɗalibai na gwamnati shi ma ruwa ake ɗora masa.

Da muka dawo aka liƙe tagar, aka sauya ragar, muka sayi tanti mai haɗewa da ƙofar mota. Sadiƙ da Usman can suke kwana yanzu, Hafsa ta samu gadon sama ita kaɗai. Tsakiyar gari kuma a bas muke shiga. Takardar tallar tana nan cikin durowar Abban Hafsa, jiya ma na same shi yana duba shafin ƙaramarta mai mita 6.